Maƙogwaron Baron Bai Motsa Ba

Ni na fara gani. Kafin likitocin birni su zo da tabarau suna jujjuya tafin hannun mutane, kafin hukuma ta hana feshin maganin tsutsa, kafin fadan coci ya gaji da binne majiya ƙarfi, ni Balzer na gidan Rabenley na riga na gani da idona. Kuma ban taɓa shiga aji ba sai in an aike ni gyaran murhu. Duk waɗanda muka hau gangaren inabin nan tare suna kwance a bayan coci. Ni kaɗai na rage, haƙorana suna nan, kuma ko gobe aka ɗora mini kwando a baya sai na kai shi ƙoli.

Abin da na gani ba wani babban abu ba ne. Maƙogwaron mutum ne da bai motsa ba.

A gidan Rabenley, nan bakin kogin Mosel, giya iri biyu ce. Ta matsin farko ita ake ɗurawa a gangunan katako, a buga mata tambarin hankaka, 'yan kasuwar Holan su zo su kwashe. Dusar da ta rage kuwa, ɓawo da ƙwallaye, sai a zuba mata ruwa da sukari ta sake tsima. Wannan ita ce giyar gida, tamu ta ma'aikata. Kowace safiya kowa ya ɗauki tulunsa a ƙofar rumbun giya, da ita ake kashe ƙishi a kan dutse har rana ta faɗi. Tun kakanni haka ake yi, ba ta taɓa kashe kowa ba, sai da tsutsa ta addabi inabi aka kawo wani farin magani a gwangwani muka shiga feshi duk shekara.

Shugaban rumbu a lokacin Ambros ne. Uwarsa ce ta shayar da Baron Egon, mai gidan, su biyu nono ɗaya suka yi ta kokawa a kai. Ambros yana da wani taurin kai da yake alfahari da shi: giyar sayarwa sai dai ya kurɓa ya gane lafiyarta ya tofar, bai taɓa haɗiye ko ɗigo ba. Ya ce ta maigida ce. In ƙishi ya kama shi sai ya juya ga gangar giyar gida, kuma da yake a gindinta yake wuni, ya fi kowa sha. Shi da matarsa Burga suna zaune a ƙaramin gidan bakin ƙofa. Al'adar Rabenley ce, shugaban rumbu ya tsufa a gidan nan ya mutu a cikinsa, matarsa ma ta zauna har tata ranar. Abu biyu kawai ke fitar da mutum: sata ko maye.

Ranar da aka gama tsinkar inabi, in keken ƙarshe ya shigo da ado na ganye, akan taru a tsakar gida. A cika wani tsohon kofin kuza da giyar gida, maigida ya sha rabi, ya miƙa wa shugaban rumbu ya shanye, alamar cewa gida da hannun da ke masa aiki abu ɗaya ne. Ni ke riƙe tulu a wannan rana, domin duk Rabenley babu mai hannun da ba ya rawa kamar nawa.

A wannan shekarar na cika kofi, Baron ya ɗaga, ya kai baki, ya karkata kai baya kamar mai sha. Mutane suna tafi. Ni kuwa ina gefensa, idona a wuyansa. Ƙashin maƙogwaron nan nasa da ke hawa da sauka ko yawu ya haɗiya, ranar tsaye yake cak. Ya goge gashin baki, ya miƙa kofi.

"Ungo, ɗan'uwana."

Ambros ya leƙa ciki ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, bana ka bar mini da yawa."

"Bana ka fi ni wahala," in ji Baron.

Aka yi shewa. Ambros ya shanye tas, ya kife kofi a kansa.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba a yi mako ba Uwargida Hedwig, matar Baron, ta kira ni bayan rumbu inda ake jibge dusa kafin a jiƙa.

"Balzer, ka kewaye wurin nan da shinge. Ba na son agwagina su kusanci dusar nan."

"Uwargida, ai tun da can ita suke ci, ita ke sa su ƙiba."

"Yanzu ba za su ci ba. Tana lalata musu ciki."

Na tsaya da guduma a hannu. Na ce, "To mu da muke shan ruwanta fa?"

Ta dube ni daga hula har takalmi. "Kai agwagwa ne, Balzer?"

Na kafa mata shinge mai kyau, irin wanda ni kaɗai na iya. Daga ranar kuwa ban ƙara kai giyar gida bakina ba. Na samo akuya, ina hawa gangare da goran madara da ruwan marmaro. Ba irin tsiyar da ba a yi mini ba. In na wuce sai a yi kukan akuya. Wani ya ce in nemo zane in ɗaura. Duk masu dariyar nan ni na haƙa wa yawancinsu kabari.

Na sami Ambros a rumbu yana ƙwanƙwasa ganguna yana saurare. Na gaya masa abin da na gani, na maƙogwaro da na agwagi.

"Kai dai bakinka ya fi ƙofar rumbun nan faɗi," ya ce. "Egon ne zai ba ni abin da zai cuce ni? Egon da uwata ta cire ni daga nono ta sa shi?"

"To nuna mini hannunka."

Ya ɓoye shi a baya kamar yaro. Na fizgo. Tafin ya yi kanta, wasu ƙuraje masu tauri kamar ƙwayar hatsi sun fito a ciki. Wuyansa ya yi duhu da ɗigo-ɗigon fari, kamar an yayyafa ruwa a kan toka.

"Aiki ne," ya ce. "Kai da ba ka yi, ina za ka sani? Tafi ka tatsi uwarka akuya."

Ya ɗebo giyar gida a gabana ya sha don in ji haushi.

Da sanyi ya shigo ƙafafunsa suka fara mutuwa. Yakan ce kamar a kan auduga yake tafiya. Yana gangarowa matakalar rumbu yana dafa bango, sabbin ma'aikata suna ƙyafta wa juna ido. Yatsun da ke gane tsagar ganga a cikin duhu suka daina jin ko matoshin ganga. Murya ta dushe. Abinci in ya shiga sai ya dawo. Burga ta je wurin Uwargida tana kuka, aka ba ta kitsen agwagwa ta riƙa shafa masa a hannu, da wani tsohon bargo da karnukan farauta suka gama da shi.

"Ki rage masa tulu, Burga," in ji Uwargida. "Mace ita ke tsare wa mijinta mutunci."

"Uwargida, shekara da shekaru ban taɓa ganin mijina a buge ba."

"Mata ba sa gani. Haka Allah ya yi mu."

Ya ɗan kwanta, ya tashi, ya koma rumbu. Da bazara wani ɗan kasuwa ya zo ɗanɗana giyar bara. Ambros ya zuba masa, ya zo miƙawa, kofin gilashi ya zame daga yatsunsa ya tarwatse a kan takalmin baƙo. Baron ya yi 'yar dariya, ya dafa kafaɗar baƙon.

"Ka yi haƙuri. Wanda ya kwana da ganga, ka san sauran."

Baƙo ya yi dariya. Ambros yana durƙushe yana tsince gilashi, yana yanka yatsunsa bai ma sani ba. Na ga kunnensa ya yi ja. Duk da haka da muka fito sai ya ce mini, "Dole ya faɗi wani abu a gaban baƙo. Ba har zuciyarsa ba ne."

Aka kira likitan gidan, wanda duk Lahadi a teburin Baron yake cin gasasshen nama. Ya danna cikin Ambros da ya fara kumbura, ya ja fatar idonsa da ta yi rawaya. Hannun kuwa ya juya shi ya duba ya daɗe, sannan ya mayar da shi ƙarƙashin bargo da sauri.

"Hanta ce," ya ce. "Sha ne ya yi yawa."

"Wane sha?" in ji Burga. "Wanda gidan nan ke ba shi?"

Likita ya rufe jakarsa. "Ni abin da na gani na faɗa."

Lokacin da inabi ya fara nuna, Ambros ya daina taka ƙasa. Wata safiya ya aiko Burga ta kira ni. Na same shi ya sa rigar zuwa coci, ciki ya hana maɓalli haɗuwa.

"Babban baki," ya ce, "kai ni wurin Egon."

Na goya shi. Mutumin da a da yake juya cikakkiyar ganga shi kaɗai, na hau da shi matakalar babban gida kamar na ɗauko damin kara. Baron yana ɗakin karatunsa yana goge bindiga. Da ya gan mu ya miƙe.

"Haba, Ambros, da ka aiko ai da na zo."

"Na aika. Sau nawa," in ji Ambros. Na zaunar da shi a kujera. Bai ce ranka ya daɗe ba. "Egon, abu ɗaya na zo tambaya. Ranar kofi, ka sani?"

Baron ya dube ni. "Balzer, jira a waje."

"Ƙafafuna ne shi," in ji Ambros. "Ba inda za shi."

Baron ya ajiye bindiga, ya je taga, ya ba mu baya. "Ba wanda ya tabbatar da komai. Maganganu ne ake yi a birni, wani ya ce kaza, wani ya ce ba haka ba. Ka yi tunani, ɗan'uwa. In na hana giyar gida yau, gobe duk kwarin nan za a ce inabin Rabenley guba ne. 'Yan Holan su juya. To wa zai ci abinci? Kai? Balzer? Ƙauyen nan kaf a kan gangunan nan yake tsaye. Na yi niyya in an kwashe giyar bana a sauya a hankali, ba tare da surutu ba."

"Bara ma an kwashe."

"Bara an yi ƙanƙara, ka sani. Kuma ni ban ɗura wa kowa a baki ba. Kowa da hannunsa yake ɗaukar tulu."

"Ni ka ɗura wa," in ji Ambros. Muryar kamar ana jan buhu a ƙasa. "Da hannunka ka miƙo mini. Ka ce ungo, ɗan'uwana."

Baron bai juyo ba.

"Ban zo neman lafiya ba, ta tafi. Ka fito tsakar gida ka ce Ambros ba mashayi ba ne. Shi ke nan. Don Burga ta zauna a ɗakinta."

"In na ce ba sha ba ne, za a tambaye ni to mene ne."

"Za a tambaya."

Sannan Baron ya ce, "Bari baƙin Holan su zo su tafi, za mu yi magana. Balzer, ka bi da shi ta ƙofar baya, ana wanke matakalar gaba."

Na sake goya Ambros muka fito. Sai da muka kai shingen agwagi ya ce in tsaya. Ya daɗe yana kallonsu, farare, masu ƙiba, suna ninƙaya. Na ji wuyan rigata ya jiƙe.

"Shingen ya yi kyau," ya ce. "Kai ka kafa?"

Maganar da aka ce za a yi, Uwargida ce ta kawo ta, da kanta, da kwandon burodi a hannu. Ta ce an ɗauko sabon shugaban rumbu daga makarantar noma, yana da iyali, yana bukatar gidan bakin ƙofa kafin kaka. Ta ce ba ita ta kafa al'ada ba, likita ya riga ya faɗi sunan ciwon, kuma in aka yi wa mutum ɗaya sassauci a kan maye gobe kowa sai ya bugu.

"Maigida ya so ya zo da kansa," ta ce, "amma abin yana taɓa shi ƙwarai. Kin san yadda suke."

"Na san yadda suke," in ji Burga.

Ni na kwashe su a keken shanu zuwa ɗakina da ke jikin garken akuya. Ba wanda ya taya ni, kowa na tsoron a gan shi. A nan Ambros ya ƙarasa. Madarar akuyar da ya yi mini gori a kanta ita kaɗai cikinsa ke karɓa. Bai ƙara ambaton sunan Egon ba, ko da zagi. Ya cika da hantsi, ana jin waƙar masu tsinka daga gangare.

A coci fada ya yi wa'azi a kan kwalba da yadda take rusa gidaje. Baron bai zo ba, an ce yana fama da mura. Amma ya aiko da furanni, da kuma ƙaramar ganga don masu zaman makoki su jiƙa maƙoshi. Na buɗe na sansana. Giyar gida ce.

Burga ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Balzer, ajiye mini ita."

Ranar kofi ta zagayo. Tsakar gida cike, har da 'yan kasuwar Holan da matansu a kan kujeru, ga tsiran alade da miyar albasa ana rabawa. Ni kuwa tun rasuwar Ambros ba wanda ban tare ba, a gangare, a bakin rijiya, a ƙofar coci. Abu ɗaya nake ce wa kowa: kada ka yarda da ni, kai dai ranar ka kalli wuyansa.

Keke ya shigo. Aka kawo kofin kuza. Ina shirin zubawa sai ga Burga cikin baƙaƙen kaya ta ratso mutane, da tulu a hannu. Na ja da baya na ba ta wuri. Ta cika kofi har baki daga gangar makoki, ta miƙa da hannu biyu, ta ɗan rusuna yadda aka koya mata tun tana yarinya.

"Ranka ya daɗe, rabinka na bara Ambros ya sha maka. Bana ba ya nan. Sai ka sha naka da kanka."

Baƙi suka yi murmushi, sun ɗauka cikin al'ada ne. Baron ya karɓa. Ya ɗaga. Ya kai baki, ya karkata kai. Sai dai wannan karon ba tafi. Masu tsinka, masu ɗaukar kwando, masu wanki, masu dafa abinci, kowa ya zuba wa wuri ɗaya ido. Ya gane. Na ga idonsa yana yawo ta saman kofin. Kurɓa ɗaya kawai ake nema. Kurɓa ɗaya ba ta kashe ko ɗan tsako, shi ma ya sani. Mutumin da ya bar ɗan'uwansa ya sha ta shekara da shekaru ya tsaya a gaban jama'arsa da kofi a leɓe, maƙogwaro a ƙame.

Sai ya sake shi. Kofi ya faɗi a kan dutse, giya ta malale.

"Ya zame," ya ce.

"Haka na Ambros ya zame," in ji Burga. "Kai ma sha ne ya yi maka yawa?"

Uwargida ta taso da sauri tana ce wa baƙi baƙin ciki ne ya taɓa matar, a yi mata uzuri. Ta sa masu kiɗa su fara. Suka fara, ba wanda ya taka.

Washegari tuluna suka wuni a jere a ƙofar rumbu, cike, ba wanda ya ɗauka. Iyakar abin da muka samu ke nan, kuma ga da yawa ya zo a makare, abin ya riga ya zauna musu a jiki. Ni aka kore ni a ranar, wai na raina baƙi. Burga ba ta ƙara taka gidan bakin ƙofa ba, a wurin ƙanwarta ta mutu tana wankin kayan mutane. 'Yan Holan kuwa sun sayi giyar shekarar gaba ɗaya, har suna yabon ta. Da hukuma ta hana feshin bayan shekaru, Baron Egon ne ya tsaya a dandalin ƙauye yana cewa shi dama tuntuni hankalinsa bai kwanta da maganin ba. Ya mutu da tsufa a kan gadonsa. Ku shiga coci, sunansa na nan a bango da ruwan zinariya, wai uban ma'aikata. Na Ambros kuwa, har yau in yaro ya yi tangaɗi a ƙauyen nan sai ka ji uwarsa ta ce kada ka zama Ambros. Ba su kashe shi kawai ba, sai da suka sa shi ya ɗauki laifin kisan ya shiga da shi kabari.

Jikokin Baron suna nan suna sayar da giya mai tambarin hankaka, kuma har yanzu ana shan kofin kuza duk kaka, baƙi na ɗaukar hoto. Na ji suna cewa tsohon nan Balzer ya rikice, ƙarya yake shararawa, giyar gida ba ta taɓa cutar da kowa ba. To madalla. Abin da ya rage a gangar makokin nan ni na ɗure shi a kwalabe, na toshe da kakin zuma da hannuna, suna nan a ƙarƙashin gadona. Duk wanda ya ce ƙarya nake, jikan Baron ne ko likita ko fada, ƙofata a buɗe take. Ya zo ya zauna, kullum in cika masa kofi har kwalaben su ƙare. Ni ba fuskarsa zan kalla ba. Wuyansa zan kalla.